Makarantun yarjejeniya da yaran ƙauye: amsoshin tambayoyin da ake yi mana a zangon Kumasi

Duk lokacin da aka zauna maganar ilimi a Aboabo ko Asawase, ba a tashi sai wani ya kawo zancen ƙauye: ƙanensa da aka tura koyarwa can bayan Ejura ya gudo, ko 'yar yayarsa ta gama firamare a gida arewa ta zauna saboda babu makarantar gaba a kusa. Kwanan baya wasu matasanmu da ke bin labaran Amurka suka fara cewa ai magani yana wurin makarantun da can ake kira "cata". Tambayoyi suka yi yawa, shi ya sa na tattara su nan. Inda nake da ra'ayi na faɗe shi, ban ɓoye ba.

Wai mece ce wannan makarantar cata?

Makarantar gwamnati ce a wajen kuɗi, amma ba ma'aikatar ilimi ke tafiyar da ita ba. Wata ƙungiya, ko tawagar malamai, ko iyayen yara, su ne ke neman izini. In an ba su, sai a rubuta yarjejeniya ta wasu shekaru, galibi biyar: ga kuɗin da gwamnati za ta biya a kan kowane yaro, ga abin da ake so yaran su iya. Masu makarantar suna da 'yancin ɗaukar malamansu da tsara lokacin karatunsu, amma ba su karɓar kuɗin makaranta, ba su kuma zaɓar yara da jarrabawa. In masu nema sun fi kujeru yawa, ƙuri'a ake jefawa. In wa'adi ya cika ba su cika alkawari ba, ana iya ƙwace izinin a rufe makarantar. Takardar yarjejeniyar ita ce "cata", shi ya sa a nan zan riƙa cewa makarantar yarjejeniya.

Daga ina abin ya taso?

Jihar Minesota ta Amurka ce ta fara yin dokarsa a 1991, makaranta ta farko kuma, City Academy, ta buɗe a birnin St. Paul a 1992. Wani abin mamaki shi ne cikin waɗanda suka fara tallata ra'ayin a 1988 har da Albert Shanker, shugaban babbar ƙungiyar malamai, wanda ya so a ba malamai dama su gwada sababbin hanyoyin koyarwa. Daga baya ƙungiyoyin malamai suka zama manyan masu adawa da tsarin. Yau sama da jihohi 40 suna da dokar, yara fiye da miliyan 3 kuma suna karatu a irin waɗannan makarantu. A Ingila akwai 'yar'uwarta da suke kira akademi, wadda ta bazu sosai bayan dokar 2010.

Akwai irinta a Ghana?

Da wannan sunan da wannan dokar, babu. Amma duk ɗan zango da ya ji bayanin da ke sama zai ce ai wannan kamar na san shi, kuma gaskiyarsa.

Tun kafin 'yancin kai, coci-coci ne suka gina mafi yawan makarantun ƙasar nan: Basel, Wesley, Katolika, Angilikan. Gwamnati ta zo ta ɗauki nauyin albashin malamai, ta bar wa masu addinin suna da wani rabo na kulawa. 'Yan Ahmadiyya sun shiga wannan tsarin da wuri, sakandarensu ta nan Kumasi tun 1950 take. Iyayenmu kuwa sun daɗe suna ɗari-ɗari, suna tsoron a kai yaro boko ya dawo da sunan da ba nasa ba. Har yau a bakinmu in an ce "makaranta" ta allo ce ko Islamiyya ake nufi, ta boko sunanta daban. Sai a 1987 aka kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin Hukumar Ilimi ta Ghana, wato GES. Malami mai makaranta a zaurensa ko harabar masallaci ya yarda a shigo da Turanci da lissafi da kimiyya, gwamnati ta turo malamanta ta biya su, shi kuma ya riƙe Arabiyya da Alƙur'ani. Yawancin makarantun Ingilishi da Arabiyya da ka gani a Sabon Zango da Sawaba da Nima da Maamobi ta haka suka samu.

Bambancinta da ta Amurka biyu ne, kuma ba ƙanana ba ne. Mai makarantar Islamiyya ba shi da ikon ɗaukar malamin boko ko sallamarsa, GES ke turowa, ita ke ɗaukewa. Sannan babu wata takarda da ta ce in yara ba su iya karatu ba a shekara biyar za a rufe. To ka ga mun san rabin cinikin, rabin da ya fi zafi ne ba mu taɓa ɗanɗanawa ba.

An so a gwada a 2019, lokacin Matthew Opoku Prempeh na Manhyia yana ministan ilimi. Shirin shi ne a miƙa makarantun gwamnati 100 a yankunan Ashanti da Arewa da Tsakiya da Accra ga masu zaman kansu su tafiyar. Ƙungiyoyin malamai, GNAT da NAGRAT da sauransu, suka ce ba su san zancen ba, shirin bai tashi yadda aka tsara shi ba. Mataimakin ministan a lokacin, Yaw Osei Adutwum na Bosomtwe, wanda ya zama minista a 2021, shi kansa ya kafa makarantun yarjejeniya na New Designs a Los Angeles kafin ya dawo gida. Saboda haka ba a rasa wanda ya san tsarin a sama ba. Yarda ce ba a samu ba.

Mu da muke cikin birni, ina ruwanmu da makarantar ƙauye?

Hajiya, je ki kasuwar Kejetia da safe ki dubi 'yan matan da ke ɗaukar miki kaya a kwano. Ki tambayi ɗaya daga ina take, za ki ji Walewale ko Gushegu ko Karaga ko wani ƙauye a kewayensu. Ki tambaye ta aji nawa ta tsaya. Kayaye ba daga sama suke faɗowa ba, makarantar da babu ce ko wadda ba ta da malami ke turo su, kuma a zangonmu suke kwana. Haka samarin da ke tuƙa pragya, keken haya mai ƙafa uku, haka waɗanda suka faɗa ramukan galamsey, wato haƙar zinariya ta bayan fage. Ga kuma 'yan'uwanmu na jini a zangunan Ejura da Atebubu da Yeji da Salaga, da yaran Fulani a dajin Afram.

Ai gwamnati ta ce karatu kyauta ne. Me kuma ya rage?

A takarda babu abin da ya rage. Tsarin mulkin 1992 ya ce ilimin farko kyauta ne kuma dole. A 2005 aka soke kuɗin makaranta aka kawo tallafin da ake biya a kan kowane yaro, aka kuma fara ciyarwa a wasu makarantu. A watan Satumba na 2017 sakandare ta zama kyauta. Waɗannan duka sun cika azuzuwa, babu mai musu.

Amma tallafin nan da sidi 3 ya fara a shekara ga kowane yaro, aka yi ta ɗaga shi kaɗan-kaɗan, kuma ko hakan ba ya zuwa a kan kari. Hedimastan ƙauye yakan ci bashin alli da rajista kafin kuɗin zangon karatun da ya wuce su iso. Dubban makarantu har yanzu a ƙarƙashin bishiya ko rumfa suke, hadari na haɗuwa an tashi. Firamare da yawa ba su da ƙaramar sakandare, wato JHS, a kusa, to yaron da ya gama aji shida sai ya yi tafiyar awa ɗaya ko biyu a ƙafa, da damina kuma rafi ya raba shi da ita. Wanda bai yi JHS ba ba zai zauna jarrabawar kammala ta, wato BECE, ba, wanda bai zauna BECE ba kuwa sakandaren kyauta labarinta kawai zai ji a rediyo.

Uwa-uba malami. Ƙanena an taɓa tura shi wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba. Babu ɗakin haya, babu wuta, sai ya hau tudu kafin ya sami layin waya, albashinsa na farko kuma ya yi watanni bai fito ba. Su uku ne a makaranta mai aji shida. Ya daure shekara biyu, ya bi ƙafa aka dawo da shi birni, kuma ban ga laifinsa ba. Alawus na kashi 20 cikin ɗari ga malaman karkara an sha yin alkawarinsa, gwamnati bayan gwamnati.

To a Amurka tsarin ya taimaki ƙauye?

Ba kamar yadda ya taimaki birni ba. Mafi yawan makarantun yarjejeniya a birane suke, kuma nan ne suka fi nuna ƙoƙari, musamman ga yaran baƙar fata da na talakawa a wurare irin Boston da New York. Wata cibiya ta Jami'ar Stanford da ke bibiyar sakamakonsu ta gano a 2009 cewa waɗanda suka gaza makarantun gwamnati a lissafi sun fi waɗanda suka zarce su yawa. A bincikenta na 2023 abin ya gyaru, amma ribar ta fi taruwa a birni. Waɗanda ake karatu ta intanet kuwa, waɗanda aka riƙa tallata wa mutanen nesa, sakamakonsu ya yi muni ƙwarai.

Dalili a fili yake. Tsarin an gina shi ne a kan zaɓi: makarantu su yi gasa, uba ya kai ɗansa inda ya fi. Ƙauye mai yara 90 ba ya ɗaukar makaranta biyu. In ka buɗe ta biyu, kuɗi na bin yaro, sai ka raba ɗan abin da ke akwai gida biyu, duka su rame. A ƙauyukanmu ma ba zaɓi ake nema ba, ta farkon ake nema.

An ce Laberiya ta gwada. Yaya aka ƙare?

Wannan shi ne misalin da ya fi kusa da mu, kuma ya kamata duk mai son tsarin da mai ƙinsa su san shi. A 2016, zamanin shugaba Ellen Johnson Sirleaf, ministan ilimi George Werner ya so ya miƙa firamaren ƙasar ga kamfanin Bridge. Aka yi ca a kansa, sai aka mayar da shi gwaji: makarantu 93 aka raba wa masu gudanarwa 8, cikinsu har da Omega, kamfanin da aka kafa a nan Ghana. Makarantun suka ci gaba da zama na gwamnati, kyauta, malamai kuma gwamnati ke biyansu. Aka ƙara wa masu gudanarwa dala 50 a kan kowane yaro a shekara, kusan daidai da abin da gwamnati ke kashewa da ma. Aka kuma sa masu bincike daga waje su gwada su da makarantun da ba a taɓa ba.

Bayan shekara ɗaya yaran sun fi takwarorinsu koyon Turanci da lissafi, malamai sun fi zuwa aiki, an fi daɗewa a aji. Wannan gaskiya ne. Ga sauran gaskiyar: wasu masu gudanarwar sun kashe ninkin-ba-ninkin na dala 50 ɗin daga aljihun masu ba da agaji, kuɗin da gwamnatin Laberiya ba za ta taɓa iya biya ba. An fifita makarantun wajen rabon sababbin malamai. Bridge ta ƙayyade yawan yara a aji, sai aka sallami yara da yawa, ta kuma mayar wa gwamnati malaman da ba ta so, aka watsa su a wasu makarantun. Wato ta share ɗakinta ta zuba sharar a ƙofar maƙwabci. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin kuma ta shiga abin kunya na lalata da yara mata. Tsakanin masu gudanarwa takwas ɗin, wasu sun yi abin kirki da kuɗi kaɗan, wasu ba su tsinana komai ba. Abin da na ɗauka daga nan shi ne kalmar "mai zaman kansa" ba ta gaya maka komai. Wane ne shi, kuma me aka rubuta a takardar, su ne magana.

Akwai inda ya yi aiki a ƙauye sosai?

Akwai. A lardin Sindh na Pakistan gwamnati ta biya mutanen gari su buɗe makarantu kyauta a ƙauyukan da ba su da ko ɗaya, tana biya a kan kowane yaro, kuma yawan masu shiga makaranta ya tashi sosai. Lura da sharaɗin: inda babu makaranta.

Ba ma sai mun je nesa ba. Tun 1995 ƙungiyar School for Life take tara yaran da suka wuce shekarun shiga aji ɗaya a ƙauyukan arewa, tana koya musu karatu da lissafi cikin harshensu na wata tara, da rana bayan sun dawo daga gona ko kiwo, mai koyarwar kuma ɗan garin ne. Daga nan su shiga firamare. Gwamnati ta ga amfaninsa ta ɗauke shi ya zama shirin ƙasa. A 2023 kuma aka ƙaddamar da wani shiri na mayar da yara 70,000 makaranta, inda ake biyan ƙungiyoyi gwargwadon sakamakon da aka tabbatar. Ba a kira waɗannan da sunan Amurka ba, amma jininsu ɗaya.

Me ya sa malamai ba sa so? Ba son kai ba ne?

Akwai kare tuwo a ciki, kowa ma yana kare nasa. Amma tsoronsu yana da tushe. Yadda makarantu masu arha ke rage kuɗi shi ne ɗaukar wanda bai yi kwalejin malamai ba a biya shi ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Malamin da ya yi shekara huɗu a kwaleji, ya ci jarrabawar lasisi, yana da dalilin tambayar inda za a ajiye shi. Suna kuma cewa in akwai ƙarin kuɗin da za a ba ɗan kwangila, a ba hedimastan da ke wurin mana a gani. Wannan tambayar ban ji wanda ya amsa ta da kyau ba. Inda na saɓa da su shi ne ƙauyen da malamansu suka ƙi zuwa shekara da shekaru. Ba daidai ba ne ka ƙi zuwa kuma ka hana wani.

Ba sayar da makarantun gwamnati ba ne ta bayan gida?

In gini da fili sun zauna na gwamnati, ba a karɓar ko kwabo, kuma ana iya korar mai gudanarwa, ba sayarwa ba ce. Ranar da aka fara cewa a kawo kuɗin "ƙarin darasi" na dole, ta zama.

Za a bar mu mu koyar da Alƙur'ani da Arabiyya?

Baba, a nan tsarinmu na Ghana ya fi na Amurka sauƙi gare mu. Can makarantar yarjejeniya ta gwamnati ce a idon doka, ba a koyar da addini a cikinta. Nan kuwa makarantun addini da gwamnati ke biyan malamansu su ne ƙashin bayan ilimin ƙasar. Matsalarmu ba izini ba ce, albashin malamin Arabiyya ne. Da yawansu alawus suke karɓa wanda ke zuwa yau ya ɗauke gobe, wasu kuma abin da iyaye suka tara ne kawai. Kwalejin Al-Faruq ta Wenchi tana horar da malamai, amma ƙishin ya fi ruwan. Duk yarjejeniyar da ba ta ambaci malamin Arabiyya ba, a ƙauyen Musulmi rabin yaran za su zauna wurin malam na allo, kuma iyayensu ba za su ga sun yi asara ba.

Sai dai mu ma mu riƙe gaskiya: makarantar da ke cin kuɗin gwamnati ta kowa ce. In ita kaɗai ce a garin, ɗan Kirista da ɗan mai gargajiya suna da haƙƙin zama a cikinta ba tare da an tilasta musu komai ba, kamar yadda muke kuka in an hana 'ya'yanmu azumi ko ɗankwali a makarantun mishan.

Da wane harshe za a koyar?

Wasu harsuna ne gwamnati ta amince a koyar da su a makaranta, irin su Twi da Fante da Ewe da Ga da Dagbani da Gonja da Dagaare. Hausa ba ta ciki, duk da cewa da ita ake ciniki daga Bawku har Nima. Yaron zangon Ejura yana tashi da Hausa, ya je aji ɗaya a yi masa Twi da Turanci. Ga ƙauyen da manoma baƙi suka taru, Konkomba da Dagati da Fulani, malamin ma bai san harshen da zai kama ba. In akwai wurin da 'yancin makarantar yarjejeniya zai yi rana, to nan ne: ta ɗauki mataimaki ɗan garin da yara ke jin maganarsa a shekarun farko.

In har za a yi, me za a rubuta a takardar?

Ni dai zan fara da wuri: a kai shi inda babu makaranta, ko inda firamare take babu JHS, ba a karɓe wadda ke tafiya a bakin titi ba. Mai gudanarwa kada ya sallami yaro ko ɗaya don aji ya cika ko don kada ya ɓata masa sakamako, kuma a ƙirga yaran da suka shiga da waɗanda suka kai ƙarshe, mata daban maza daban, ba waɗanda suka ci jarrabawa kaɗai ba. Kuɗin da zai kashe a kan yaro ya zama wanda gwamnati za ta iya ci gaba da biya ranar da Turawan agaji suka naɗe tabarmarsu. Ɗakin malami ya shiga cikin ginin tun farko. A kuma ce wane ne zai je ya duba. Hukumar sa ido kan makarantu, NaSIA, tana nan tun dokar 2020, amma jami'in da ba shi da man babur ba ya isa Drobonso ta dajin Afram da damina, balle ƙauyukan bayanta. Sarkin gari da limami da iyaye mata su sami kwafin takardar, a karanta musu ita cikin harshensu.

Ƙungiyarmu ta 'yan gari ɗaya tana so ta gina makaranta a gida. Ta ina za mu fara?

Kada ku fara da bulo. Mun ga azuzuwa masu fenti da aka yanka rago ranar buɗe su, yau awaki ke kwana ciki saboda ba a turo malami ba. Ku fara da ofishin ilimi na gundumarku da asambiliman ɗin yankin, wato wakilinku a majalisar gunduma, ku ji ko garin yana cikin lissafinsu, ku nemi a rubuta muku cewa in kun gina za a karɓa a turo malamai. In Islamiyya kuke so, ku bi ta Sashen Ilimin Musulunci na yankin tun kafin a haƙa tushe. Filin kuma a yi masa takarda da sunan al'umma, ba da sunan alhajin da ya fi ba da kuɗi ba, don gudun rigimar magada.

Ku je ku ƙirga yaran da kanku, gida-gida. Wataƙila ku tarar ba sabuwar makaranta garin ke buƙata ba, ɗakuna biyu ne na malamai da rijiyar burtsatse da bayan gida na 'yan mata a wadda ke akwai, ko kekuna ga masu zuwa JHS a garin gaba. Sannan ku nemi 'ya'yan garin da suka gama sakandare, ku ɗauki nauyin biyu ko uku zuwa kwalejin malamai da sharaɗin su dawo gida su koyar na wasu shekaru. Wanda uwarsa ke garin ba ya neman canjin wuri bayan wata shida.